Gyaran Murya a Gaban Mai Alli

Kwanakin baya wani tsohon ɗalibina ya zo gaishe ni, ya miƙo mini wayarsa, wai in duba, an sake ba malamina na Landan lambar girma a ƙasarsu ta Sifaniya. Na lalubo tabarau na saka. Shi ne kuwa, ya tsufa tukuf, an rataya masa wata ƙatuwar lamba a wuya, ya tsaya tsakiyar manya yana yaƙe kamar wanda takalmi ya matse. Ban tsaya karanta bayanin ba, hannun kwat ɗinsa na duba ko zan ga alli. Babu ko ɗigo. Na kira matata na nuna mata, ta ce, "Kai, sun kakkaɓe Mai Alli kafin su ɗauke shi hoto." Ita ta raɗa masa wannan suna, kuma da shi muke kiransa a gidan nan har yau.

Na je Landan ne a shekarun da man fetur ya yi daraja, lokacin da gwamnatin jiharmu ke neman waɗanda za ta tura karatu waje ido rufe. Ana ta buɗe jami'o'i, ba malamai. Na gama digirin farko a lissafi da sakamako mai kyau, sai aka ce in tafi in yi digirin digirgir in dawo in koyar. Sharaɗin ɗaya ne, shekarar farko ta gwaji ce. In malamin da ke duba aikinka ya ce za ka iya, ka zarce. In ya ce a'a, ofishin kula da ɗalibai da ke wajen Charing Cross zai yanka maka tikiti, ka koma gida da 'yar takardar rarrashi. Ni kuwa rabin unguwarmu ne ya rako ni filin jirgi, har da masu ce mini Dakta tun ban taka matakalar jirgin ba.

Muka sami ɗakuna biyu a Barking, cikin irin gidajen nan da ke manne da juna, waɗanda in maƙwabci ya yi atishawa sai ka ji kamar ka yi masa addu'a. Matata na da ƙaramin ciki a lokacin. Malamar firamare ce kafin mu taso, Turancinta ya fi nawa kaifi, bakinta ma haka. Kullum da safe in bar ta da hita mai kananzir, in shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa tsakiyar gari.

Malamin da aka haɗa ni da shi bai zama farfesa ba tukuna. Da kaɗan ya girme ni. Gajere ne mai baƙin gemu, yana Turanci da sauri kamar mai faɗa, kuma ko'ina a jikinsa alli ne, hannun riga, aljihu, har gira. An ba shi wani ɗan ɗaki a can ƙarshen bene, allon da ke ciki ya fi teburinsa girma. A makon farko ya gaya mini dalilin da ya baro ƙasarsu. Wani tsohon soja ne ke mulkinta tun kafin ya yi wayo, manyan malaman jami'a kuma suna zaune bisa kujerunsu kamar hakimai, ba mai ce musu a'a ya kwana lafiya. Ya ce shi ba zai iya lissafi a inda ba a musu ba. Na ce masa, "To." Ban gane cewa mutumin nan yana gaya mini abin da yake so daga gare ni ba ne.

Yadda yake aiki ya ɗaure mini kai. Ba ya kawo mana abin da aka gama aka sa a littafi. Abin da yake fama da shi a makon zai kawo, ɗanye, ya hau rubutawa a allo, mu ɗalibansa mu zauna mu nemi inda hujjar ta yi rauni. Akwai wani Bature dogo da ke ɗora ƙafa bisa kujera ya ce, "Ban yarda ba," ko gezau. Akwai wata 'yar Indiya da ke tashi ta zare allin daga hannunsa yana tsakiyar rubutu. Ranar da na fara ganin haka sai da na yi salati a zuciyata. Na ce waɗannan yara ba su da iyaye ne? Shi kuwa murna yake yi, yana tsalle yana ihu, in an kama shi da kuskure ya buga goshi ya yi dariya.

Ni ba haka aka rene ni ba. Mahaifina malami ne, yana karantar da littattafan fiƙihu a zaurenmu. Mutum ne, wani lokaci yakan tsallake layi ko ya juya kalma. Ban taɓa jin wani ya buɗe baki ya ce masa ya yi kuskure ba. Babban ɗalibi ne zai yi gyaran murya sau ɗaya, idonsa na kan littafinsa. Nan take mahaifina zai tsaya, ya koma baya, ya gano wurin da kansa, ya ce madalla, ya ci gaba. Karatu ya gyaru, mutuncin malam bai zube ba. A cikin wannan na girma, kuma wallahi na ɗauka duk duniya ta san shi.

Don haka duk lokacin da na ga wani mataki a allo da hankalina bai kwanta da shi ba, sai in sunkuyar da kai in yi gyaran murya. Mai Alli ya ci gaba da rubutu. In sake yi. Ya ci gaba. Sai in ce a raina, to, ya duba ya ga daidai ne, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ana nan rannan ya juyo ya dube ni da tausayi, ya ce sanyin garin nan mugu ne ga baƙo, shi ma haka ya sha fama a shekararsa ta farko. Washegari ya kawo mini alawar tari. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ya zo da mayafin wuya na ulu, ya naɗa mini da hannunsa. Bayan hutun hunturu sai ga shi da kwalbar zuma, wai mahaifiyarsa ce ta aiko masa daga ƙauyensu, in riƙa sha da ruwan zafi da lemon tsami.

Na dawo gida na dangwarar da kwalbar a tebur, na ce, "Mutumin nan ba ya jin magana."

Matata ta ce, "Wace maganar ka yi masa, Malam?"

Na ce, "Ke ba za ki gane ba."

Ta ce, "Ai kuwa na gane. Miƙo zumar."

Ita ta shanye ta tas, da cokali, tana cewa ɗan cikinta ke so.

Da sanyi ya fara sauƙi, wata rana bayan darasi ya ce in tsaya. Ya rufe ƙofa, abin da ba ya yi. Ya ce yana ƙaunata, aikin da nake rubutawa kuma tsaf yake, ba a samun abin gyara. Amma bincike ba hadda ba ne. Tun zuwana bai taɓa jin na ce a'a ba, bai taɓa jin na yi tambaya ba, bai san abin da ke cikin kaina ba. In har zangon nan ya ƙare a haka, ba zai iya sa hannu ya ce zan iya ba, don ƙarya ce zai yi, kuma ni zai cuta. Na dubi ƙasa na ce, "To, na gode." Ya tsaya yana jira ko zan ƙara wani abu. Ban ƙara ba.

Na ji tsoro ranar, na ji kunya, na kuma ji haushi, haushin ma ya fi yawa. Wata da watanni ina gyara wa mutum cikin ladabi, sakayyata ke nan. A cikin jirgi fuskokin 'yan unguwarmu kawai nake gani, da mahaifina zaune a zaure ana tambayarsa me ya dawo da ni da wuri.

Cikin wannan hali matata ta haihu, mace. Da aka zo shirin suna ta ce sai an gayyaci Mai Alli. Na ce mutumin da zai kore ni? Ta ce wanda ya ba ka zuma ba ka hana shi naman suna ba. Mai jego ba a ja da ita, na gayyace shi ina fatan ba zai zo ba.

'Yan Arewa na Landan ba mu da yawa a lokacin, amma in ana sha'ani kowa zai fito. Ɗalibai suka zo, da ma'aikatan gwamnati masu kwas, da wata nas 'yar Filato wadda ta kwana biyu a gidan tana taya mu aiki. Aka sayo rago wurin wani mahauci ɗan Pakistan, aka tuƙa tuwo da garin shinkafa, aka kaɗa kukar da wani ya taho da ita cikin akwati. Babbanmu duka wani likita ne dattijo da ke zaune a Woolwich, shi ke mana limanci a duk inda aka taru. Ya iso a makare yana cewa, "Ku yi haƙuri jama'a, tun jiya ina on call, ban runtsa ba, ga shi an yi cancel ɗin jirgin da zan biyo."

Mai Alli ya zo da 'yar hular jarirai. Ya ga tulin takalma a bakin ƙofa, ya cire nasa ba wanda ya gaya masa, ya zauna a ƙasa ya sa hannu a tuwo. Yaji ya sa shi gumi da hawaye, amma sai da ya nemi ƙari.

Da La'asar ta yi muka ture kujeru muka yi sahu a falo, shi kuma ya koma bakin ƙofa ya zauna shiru yana kallo. Likita ya shige gaba, ni ina bayansa daidai. Gajiya ba ta da kirki. Bayan raka'a ta huɗu, maimakon ya zauna, sai dattijon nan ya yunƙura ya miƙe zai kawo ta biyar. Muka ce, "Subhanallah!" Muryata ce ta fi ta kowa fitowa. Likita ya koma ya zauna, ya yi tahiya ya sallame, ya kawo sujada biyu ta gyara. Da aka shafa addu'a ya juyo yana dariya, ya ce saura kaɗan ya kai mu Magariba a tsaye.

Mai Alli ya jawo ni gefe ya tambaye ni abin da ya faru. Na yi masa bayani, cewa liman ya yi ƙari ne, mu kuma muka tunatar da shi.

Ya ce, "Wannan dattijon? Shi ne babbanku?"

Na ce shi ne.

"Kuma kai ka fi kowa ɗaga murya. Bai ji haushi ba?"

Na ce, "Haushin me? Ai dole ne. In muka bi shi muna sane, tamu sallar ce ta ɓaci."

Ya dube ni. Sannan ya ce, "A gaban Ubangijinka kana iya gyara wa dattijo, ni a gaban allo ba ka iya gyara mini?"

Ashe matata na tsaye a ƙofar ɗaki da jaririya a hannu, ta fito ne ta nuna wa baƙo ita. Sai kawai ta buɗe baki da Turancin nan nata na malaman firamare, ta ce, "Yana gyara maka mana. Tun farkon zuwansa yake gyara maka, kai kuma kana ba shi zuma."

Na ce da Hausa, "Ke, wa ya sa da ke?"

Ta ce, "Malam, ka bar ni in faɗa. In ba haka ba da kunyar nan taka za mu cika akwati mu koma gida."

Ta zayyana masa komai, zauren mahaifina, da babban ɗalibi, da gyaran murya, da yadda nake dawowa gida ina huci. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mai Alli ya fara dariya har ya riƙe ciki, falon duka ya ɗauka. Can sai dariyar ta tsaya masa. Ya dafe kai ya ce, "Duk tarin nan? Tun kaka?" Na ga abin ya taɓa shi sosai, don ya gane saura kaɗan ya kori mutum a kan abin da bai fahimta ba.

Likita ya matso ya dafa kafaɗata, ya ce, "Ɗana, gyaran murya ai don wanda ya san ma'anarsa ake yi. Wanda bai sani ba, in ka ƙi buɗe baki, ba girmama shi ka yi ba, ƙyale shi ka yi ya faɗa rami."

Ranar Litinin Mai Alli ya shigo aji ya kafa sabuwar doka. Ya ce ba zai tilasta mini in ce masa ya yi kuskure ba, ya ga alama harshena ba zai ɗauka ba. In ci gaba da tarina. Amma duk lokacin da na yi, zai tsaya ya miƙo mini alli, in taso in nuna wurin. Shi ya sauko rabin hanya, ni ma sai in taho rabi.

Ba a jima ba ya raba wani abu da wani adadi, ni kuwa na ga kamar adadin nan zai iya zama sifili, kuma ko ɗan firamare ya san ba a rabawa da sifili. Na yi gyaran murya, a hankali ƙwarai, ina fatan ba zai ji ba. Ya tsaya cak, ya juyo, ya miƙo allin. Na tashi na karɓa, na yi bayani. Ina gamawa dogon Baturen nan ya ce ai tun a farkon darasi an gindaya sharaɗin da ya hana adadin zama sifili, an dai goge shi ne daga allo. Gaskiyarsa ne. Wata nawa ina tanadin wannan rana, ga shi karon farko da na buɗe baki ni ne da kuskure.

Sai na ji tafi, ƙurar alli na tashi daga tafin hannun Mai Alli. Ya ce, "Yawwa! Yau na ga yadda kake tunani." Ya ce tsoron da na ji a wurin nan tsoro ne mai kyau. Ya koma allo ya sake rubuta sharaɗin, ya ja layi a kansa ya soke shi, ya ce, "To in babu wannan fa, me zai faru?" Ba wanda ya sani, har shi. Wannan tambaya ita ta zama aikin digirina, na yi shekaru ina kokawa da ita. Daga ranar na yi ta tari, wani lokaci daidai, sau da yawa ba daidai ba. Da zango ya ƙare ya sa hannu na zarce, ya kuma bi ni har Barking don ya gaya wa matata da bakinsa.

Muna tare tsohon sojan ƙasarsu ya mutu. Ranar Mai Alli bai yi darasi ba, ya zauna bakin taga yana kallon waje, ya ce yanzu zai iya zuwa ya ga mahaifiyarsa. Bai tafi ba sai da ya ga na kammala. Ya koma gida aka ba shi kujerar farfesa a wata jami'ar lardi, daga can aka kira shi babban birni. Ya tara matasa ya gina sashe guda da su, har aka riƙa zuwa wurinsa daga wasu ƙasashe. Aka zaɓe shi cikin majalisar manyan masana kimiyya ta ƙasarsu, ya shugabanci ƙungiyar masu lissafi, lambobin girma da digirorin girmamawa suka yi ta zuwa har na daina bin sawu. Ya zama irin manyan da ya gudu ya bari, sai dai duk wanda ya je wurinsa ya dawo zai ce maka har yanzu ɗalibai na zare alli daga hannunsa.

Ni kuma na dawo gida na koyar har na yi ritaya. Da na ba mahaifina labarin ya yi murmushi ya ce, "Malamin kirki ne. Amma ni kada ka gwada ƙwace mini littafi." Duk ajin da na shiga, ranar farko nakan gaya musu an yarda a yi gyaran murya, amma wanda ya yi zai taso ya karɓi alli. Yaran namu sukan yi wata guda suna haɗiye tari kafin wani ya yi ƙarfin hali. Daga baya aka zo aka cire mana allunan aka liƙa wasu farare masu santsi da alƙaluman da ke bushewa a tsakiyar hujja, wai ci gaba.

Ganina da shi na ƙarshe a Landan ne, lokacin da tsohuwar jami'armu ta ba shi digirin girmamawa. Ya ce sai an nemo tsofaffin ɗalibansa. Muka je da matata, muka sauka wurin 'yarmu, jaririyar nan ta ranar suna, wadda yanzu take aikin likita a can. Bayan an sa masa alkyabba aka ce ya yi lacca, ya ce ba zai yi ba sai an kawo masa allo na gaske, sai da aka tono wani daga sito.

Zauren cike yake da manya, ga sanyi. Ni kuwa na taho da mura tun daga jirgi. Na danne, na danne, matata na tura mini alawa, amma tarin tsoho ba ya jin lallashi. Ya kuɓuce mini. Mai Alli na tsakiyar layi, ya ba mu baya. Hannunsa ya tsaya a sama. Ya juyo a hankali yana bin sahun kujeru da ido har ya same ni, sai ya miƙo allin. Duk zauren ba wanda ya san abin da ke faruwa sai mu uku.

Na ɗaga murya na ce, "Wannan na tsufa ne, Malam."

Ya ce, "Ban yarda ba. Sau ɗaya aka yi haka na ba ka zuma. Taso."

Matata ta zungure ni ta ce, "Tashi mana, ana jiranka."

Na sauka matakalar ina dafa kujeru. Na karɓi allin. Na bi rubutun daga farko har inda ya tsaya, ban yi sauri ba, sannan na dube shi ido cikin ido na ce masa daidai ne. Ya ce sai yanzu hankalinsa ya kwanta. Ya rungume ni, ya karɓi abinsa ya ci gaba.

Na koma kujerata hawaye na zuba, ban ma yi ƙoƙarin ɓoyewa ba. Matata ta ga farin alli a kafaɗar babbar rigata inda ya dafa, ta kai hannu za ta kakkaɓe. Na riƙe hannunta na ce ta bar shi.